A Rubuta Itatuwanmu Tun Masu Saninsu Suna da Rai

FILIN MANOMA
Daga Malamin Gona, Kanya Babba

Jama'a, yau ba zancen taki ko maganin ƙwari za mu yi ba. Wani abu ne na gani da idona lokacin sharar gona, ya tsaya mini a rai, na ga ya kamata in kawo shi gabanku mu duba tare.

Ina wucewa ta wata gona a bayan gari, sai na tarar da wani yaro, shekarunsa ba su fi 13 ba, yana sassabe. Ya sa gatari ya sare wani ɗan tsiro mai tsawon kamu biyu, ya jefa kan tarin da za a ƙone. Na ɗauko shi na ce, "Samari, ka san abin da ka sare?" Ya duba ya ce, "Wani ɗan ice ne, Malam." Na ce, "Yaya sunan garinku?" Ya ce, "Kanya Babba." Na ce, "To, ai kanyar ke nan ka sare." Yaro ya yi sororo. Ya sha 'ya'yan kanya ba iyaka, amma bai taɓa sanin kamanninta tana ƙarama ba.

Ni ban ga laifin yaron nan ba, gama ba wanda ya nuna masa. Laifin namu ne manya. Ku dubi sunayen garuruwa da unguwannin ƙasar Hausa: Rimi, Kukawa, Ɗorayi, Kurna, Giginyu, Tsamiya, Marke. Duk itatuwa ne. Kakanninmu ba su da littafin itatuwa, sai suka rubuta su a sunan gari. Mu kuwa da mu ke da takarda da alƙalami da waya a aljihu, muna barin sanin yana tafiya kabari tare da tsofaffi.

Abin da na ke so in faɗa yau ɗaya ne. Kafin mu ƙara kashe kuɗi da ƙarfi wajen dashen itatuwa don tare hamada, lalle ne mu sami littafi namu, cikin Hausa, mai sunan ko wane ice da ciyawa na ƙasarmu, da hotonsa, da samfurinsa a ajiye. Wanda bai san abin da ya ɓace masa ba, ina zai san abin da zai nema?

KUSKUREN DA NA YI

Kada ku ce malami ya zauna yana ganin baiken yaro. Ni ma na yi nawa, har ya fi nasa tsada. Shekara takwas ke nan, ina sabon fitowa daga makarantar aikin gona, wani dattijo ya ce yana son ya dasa itacen ƙaro a wata tsohuwar saurarsa da ta gaji. Na je wani gandun renon itatuwa na karɓo masa dashe a leda, an ce mini na ƙaro ne, ban ko duba ba. Muka dasa, ya yi ta ban ruwa da jarka a kan jaki har suka kama.

Da suka girma suka yi fure, sai wani Bafillatani makiyayi ya ce masa, "Baba, wannan ai dushe ne, ba ɗakwara ba." Aka kira ni. Na zo na duba, gaskiyarsa ce. Ɗakwara, wadda ke ba da ƙaro mai daraja ta ɗaya, ƙayarta uku-uku ce, gajeru masu lanƙwasa, ta tsakiya ta dubi ƙasa, biyun gefe su dubi sama, furenta kuwa fari ne dogo. Dushe kuwa ƙayarsa biyu-biyu ce, dogaye, farare, miƙaƙƙu, furensa rawaya ne dunƙule. Shi ma yana ba da ƙaro, amma mai saurin marmashewa, kuɗinsa bai kai na ɗakwara ba. Dattijon nan bai yi mini faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Malam, ashe takardarku ba ta da ƙaya a ciki." Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Da ina da ɗan littafi mai hoton ƙayoyin nan biyu a aljihuna ran nan, da minti ɗaya ya isa. Rashinsa ya jawo wa mutum hasarar wahalar shekaru. Hausawa sun yi gaskiya da suka ce rashin sani ya fi dare duhu.

LITTATTAFAN DA A KE DA SU

Ba wai ba a taɓa yin wannan aiki ba. An yi, an kuwa yi da kyau. Wani likita ɗan Sikotilan mai suna J. M. Dalziel ya shigo aikin asibiti a ƙasar nan a 1905. Duk inda aka kai shi, kamar Katagum da Sakkwato da Yola, in ya tashi daga aiki sai ya shiga daji yana tsinko ganye yana tambayar mutane sunansa da amfaninsa. A 1916 ya buga littafin sunayen tsirrai na Hausa, ko wane suna da takwaransa na Latin, watau harshen da masana na duniya duka suka yarda su riƙa kiran tsirrai da shi. Daga baya shi da John Hutchinson na lambun Kew a Ingila suka rubuta babban littafin tsirran Afirka ta Yamma tsakanin 1927 da 1936. A 1937 kuma ya fitar da wani a kan amfaninsu, wanda H. M. Burkill ya sake faɗaɗawa ya zama littafi shida daga 1985 zuwa 2004. Don girmama likitan nan ne masana suka sa wa itacen hano sunansa a Latin.

Bayansa, R. W. J. Keay da C. F. A. Onochie da D. P. Stanfield suka fitar da littafin itatuwan Nijeriya a 1960 da 1964. A 1980 kuma Z. O. Gbile na cibiyar binciken gandun daji ta Ibadan ya buga jerin sunayen tsirrai da Hausa. A cibiyar nan akwai ɗakin ajiyar busassun tsirrai, an manna ko wanne a takarda da sunansa da inda aka samo shi, sun fi 100,000. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ita ma tana da nata ɗakin.

To, ina matsalar? Matsalar uku ce. Ta fari, littattafan nan da Turanci da Latin aka rubuta bayaninsu, don masana aka yi su, ba don mai fartanya ba. Ta biyu, suna can ɗakunan karatu na jami'o'i, ni da na ke malamin gona ma sai na yi tafiya kafin in ga ɗaya. Ta uku, suna yakan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Abin da mu ke kira kanya, a wajen yamma kaiwa a ke ce mata. Wani ya ce bagaruwa, wani ya ce gabaruwa. Wani ya ce ƙuduji, wani ya ce wuta-wuta. Kalgo kuwa suna ɗaya ne, amma masana sun raba shi iri biyu. Har sunan Latin ma yakan sake: gawo da kaɗanya da bagaruwa duk an sauya musu suna bayan zamanin Dalziel, mu kuwa muna nan muna kiransu yadda kakanninmu suka kira su. Saboda haka suna kaɗai bai isa ba, sai an haɗa shi da hoto da samfuri.

BUNUNI

Akwai wani irin littafin kuma wanda galibinmu ba mu taɓa jin labarinsa ba, shi ne littafin bununi. Ko wane manomi ya san bununi. In gero ya fitar da kai, ka ratsa gona da hantsi, ƙurar nan rawaya da ke maƙale maka a riga ita ce. Ita ce namijin tsiro. In ba ta faɗa kan macen fure ba, ba za a sami ƙwaya ba. Masu dabino sun san wannan sarai, shi ya sa su ke hawa su ɗaura furen namiji a jikin na mace.

Ba hatsi kaɗai ke da bununi ba, duk tsiro mai fure yana da nasa. Ƙwayarsa ƙanƙanuwa ce ƙwarai, galibi sai an jera 30 ko 40 kafin su cika milimita ɗaya. Amma in an sa ta a madubin nan mai ƙara girman abu, sai a ga ko wane dangin tsiro da fasalin tasa ƙwayar. Wata kamar ƙwallo mai rami ɗaya, wata mai tsaga uku, wata mai ƙaya-ƙaya, ta bagaruwa da danginta kuwa a dunƙule su ke 16 wuri guda. Ɓawonta kuma yana da taurin gaske. In ta faɗa cikin tafki ta nutse a lakar da iska ba ta shiga, sai ta yi shekara dubbai ba ta ruɓe ba.

A 1916, shekarar da Dalziel ya buga littafinsa, wani masani ɗan Suwidin mai suna Lennart von Post ya nuna wa 'yan'uwansa amfanin wannan. Ko wace shekara laka tana kwantawa a gindin tafki tare da bununin tsirran da ke kewaye. Ta bana a sama, ta bara a ƙarƙashinta, haka har ƙasa. In aka kafa bututu aka zaro lakar ba tare da an dama ta ba, ta zama kamar littafi, ko wane kamu shafi guda. Sai a auna shekarun ko wane shafi, a ƙirga ƙwayoyin da ke ciki ɗari-ɗari, a ga waɗanne itatuwa ne suka yi yawa a wane zamani.

Amma ku lura da wani abu. Mai duba madubi ba zai iya cewa wannan ƙwaya ta marke ce ko ta aduwa ba, sai in yana da ƙwayar marke ta gaskiya da zai gwada da ita. Ita kuwa sai wani ya je daji ya tsinko furen marke, wanda ya san marke ya tabbatar masa. Watau ilimin nan mai zurfi, gindinsa yana hannun mai sanin ice. A ƙasar nan wadda ta fara wannan aiki sosai ita ce Farfesa Adebisi Sowunmi ta Jami'ar Ibadan, wadda aka haifa a Kano a 1939. Ta buga bayanin bununin itatuwan Nijeriya da hotunansu a 1973, ta ƙara wani a 1995. A 2013 wasu masana uku, Gosling da Miller da Livingstone, suka fitar da babban kundin hotunan bununin Afirka ta Yamma, domin aikin da a ke yi a kan lakar tafkin Bosumtwi na Gana.

ABIN DA LAKA TA FAƊA

Me aka karanto a littafin laka game da Arewa? Ga kaɗan.

A arewacin Jihar Yobe, wajen iyakar Nijar, akwai ƙasar Manga, inda yau ba abin da ka ke gani sai tuddan rairayi da goruba a cikin kwari. Wasu masana biyu, Ulrich Salzmann da Martyn Waller, sun zaro laka daga kwari huɗu a can, cikinsu har da Kajemarum, suka buga abin da suka gani a 1998. Sun tarar a lakar ƙasa akwai bununin malmo da bambami, itatuwan bakin rafi waɗanda yau sai an nausa kudu a ke ganinsu da yawa. Watau kwarin nan a dā kurmi ne mai ruwa. Wajen shekara 3,300 da suka wuce sai itatuwan nan suka ɓace, ƙasar ta koma kamar yadda ta ke yanzu.

A zamanin ruwan nan, tafkin Cadi ya kai murabba'in kilomita 350,000, ya fi sulusin Nijeriya duka. Tsohuwar gaɓarsa ita ce doguwar jigawar nan da ta bi ta Bama da Maiduguri. A 1987 kuma wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da kwalekwale a zurfin mita 5. Tsawonsa ya fi mita 8, da aka auna shekarunsa sun kai 8,000.

Kafin zamanin ruwan kuwa an yi na fari mai tsanani, wajen shekara 20,000 da suka wuce, sa'ad da rairayin Sahara ya gangaro kudu da nisan ɗaruruwan kilomita. Wani masani, A. T. Grove, ya nuna a 1958 cewa jigayin nan na ƙasar Hausa, waɗanda jiharmu ta ci sunansu, tsofaffin tuddan hamada ne da iska ta tara, ciyawa ta zo ta rufe su. Ashe geron da mu ke shukawa a jigawa, a bayan tsohuwar hamada mu ke shuka shi.

Lakar tafkin Tila kuma, kusa da Biu, ta nuna wani abin. Ko a zamanin ruwa mai yawa, bununin ciyawa da garin gawayi ba su taɓa yankewa ba. Watau dajin Arewa bai taɓa zama rufaffen kurmi irin na Kudu ba. Daji ne na ciyawa da itatuwa jefi-jefi, gobara tana cinsa tun fil azal.

Ilimin nan yana da iyakarsa. Bununin gero da na dawa da na gamba kusan kamarsu ɗaya, saboda haka ba ya iya faɗin ranar da aka fara noma. Wannan sai daga shaidar ƙwayar gero a jikin tsofaffin tukwane, irin waɗanda aka tono a Gajiganna ta Barno, masu shekara fiye da 3,000. Har wa yau, tafkin da ke ƙafewa ko wace rani ba ya ajiye bununi, rana da iska suna cinye shi. Galibin kududdufanmu na nan kuwa irinsu ne. Saboda haka labarin shekara 100 ko 200 na ƙasar Ɓaɓura da Kazaure da Roni da Gwiwa ba a laka ya ke ba. Yana bakin tsofaffi, da sunan gari, da kututturen da ke gona.

ZANCEN HAMADA

Wani zai ce, to, me wannan ya ƙara wa mai gona? Ya ƙara masa abu biyu.

Na fari, ya hana mu firgita har mu saki fartanya. Zancen hamada tana tahowa ba sabo ba ne. A 1935 wani malamin daji daga Jami'ar Edinbara, E. P. Stebbing, ya rubuta cewa Sahara tana cinye arewacin Nijeriya. Gwamnatocin Ingila da Faransa suka naɗa kwamiti ya bi iyaka a 1936 da 1937, ya dawo ya ce bai ga hamada tana tafiya ba, ɓarnar da ya gani ta wuri-wuri ce, ta hannun mutane. An yi yunwar Kakalaba a 1914, an yi farin 1973 da na 1984, bayan ko wanne kuwa ruwa ya komo. Laka ta nuna ƙasar nan ta ga abin da ya fi waɗannan duka.

Na biyu, ya hana mu fakewa da ƙaddara. Ruwan sama na Allah ne, amma gatari namu ne. Malmo ya bar ƙasar Manga don ruwa ya janye, ba mai iya komo da shi. Amma kanya da ɗinya da ƙirya da danya da tsofaffinmu suka ce sun tarar birjik a gonakin nan, da yawansu ba fari ne ya kashe su ba. An sare su ne don itacen girki da turmi da gawayi, 'ya'yansu kuma a na sare su wajen sassabe, kamar yadda yaron nan ya yi. Wanda ƙishi ya kora daban, wanda gatari ya kora daban. Na biyun shi za mu iya komo da shi, in mun san shi.

Ku tsallaka iyaka ku ga shaida. A Maraɗi, tun 1983, wani malamin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya fara nuna wa manoma su daina tumɓuke tohon kututture, su zaɓi mai ƙarfi su bar shi ya girma. Suna kiran abin sassaben zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta haka aka raya itatuwa wajen miliyan 200 a hekta miliyan 5 a Nijar. Duk wanda ya je Magarya, maƙwabtanmu na arewa, ya ga yadda gawo ya cika gonaki. Ba leda, ba jarka. Jarinsu ɗaya ne: mai sassabe ya san tsiron da ke gabansa.

Ban ce a daina dasa darbejiya da turare ba. Darbejiya tun 1928 aka shigo da ita Barno, ta ba mu inuwa a tituna da kasuwanni, mun gode. Shirin nan na katangar itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda Jigawa ke cikinsa, shi ma alheri ne. Amma darbejiya ba ta miya, ba ta daddawa, hatsi kuma ba ya son gindin turare. Gawo kuwa yana zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya taka ƙasa, da rani ya ciyar da dabbobi. Baƙo yana da wurinsa, amma kada ya kori ɗan gida.

MASU MUSU

Na yi zancen nan a majalisa, na ji amsoshi. Wani ya ce wannan ilimi ba ya cika rumbu. Na ce ya tambayi dattijon da na dasa wa dushe. Ga kuma wani misali. Kanya tana da namiji da mace, haka danya da giginya da goruba. Namijin ba ya 'ya'ya, sai mai gona ya ce juya ne ya sare. In an kashe mazan duka, ina matan za su sami bununi? Ku kuma fatake masu sayen zuma, ku sani ƙudan zuma yana zuba bununi a cikinta. Da littafin bununi a ke gane furen da aka yi ta da shi, a kuma gane wadda aka cika da sukari. Farfesa Sowunmi ta yi rubutu kan bununin cikin zuma tun 1976.

Wani ya ce ai tsofaffi sun san duk wannan. Haka ne, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Amma tsofaffin nan nawa suka rage a unguwarku cikin waɗanda suka yi wayo kafin farin 1973? Ko wace shekara muna binne su.

Wani saurayi ya ce ai yanzu waya tana gane tsiro, hoto kawai za ka ɗauka. Na ce wayar abin da aka zuba mata ta sani. In ba wanda ya ɗauki hoton geza a ƙasarmu ya rubuta sunanta, sai ta ba ka sunan wani ice na Indiya, da Turanci kuma.

Wani mai magani ya ce yana tsoron a kwashe masa asiri. Wannan tsoro yana da dalili. Na ce masa ba haɗin magani mu ke nema ba. Suna da kama da wurin fitowa kawai za a rubuta, asirinsa ya bar wa 'ya'yansa. Amma in icen ya ƙare a daji, asirin me zai bar musu?

ABIN DA NA KE ROƘO

Aikin ba shi da tsada. A ko wace gunduma, hakimi ko dagaci ya tara mutum biyar ko shida: tsohon manomi, da makiyayi, da maharbi ko mai magani, da tsohuwa mai sanin ganyen miya, da malamin gona ko na daji, da malamin makaranta da almajiransa. Kada a manta da mata, gama sun fi mu sanin ƙananan ganyaye. A fita sau biyu a shekara, da damina da kuma bazara lokacin furen itatuwa.

Ga yadda a ke ɗaukar samfuri. A yanko reshe mai tsawon taƙi ɗaya da rabi, mai ganye da fure, da 'ya'ya in akwai. A shimfiɗa shi tsakanin tsofaffin jaridu, ko wannan da ku ke karantawa ma ta isa in kun gama da ita. A sa tsakanin katako biyu a danne da dutse, a ajiye a inuwa, a riƙa sake takardar kullum har ya bushe. A zuba ɗan fure a ambulan dabam domin masu bununi. A ɗauki hoto da waya: icen duka, da ɓawo, da ƙaya, da tsironsa yana ƙarami, wannan na ƙarshe shi ya fi muhimmanci. Sa'an nan a rubuta sunansa duk yadda a ke faɗa, har da na Fulatanci, da wurin, da ranar, da irin ƙasar, jigawa ce ko fadama, da amfaninsa. A ƙarshe a tambayi tsofaffi: a dā ya fi haka yawa ko kuwa? Waɗanda suka ɓace ɗungum su ma a rubuta sunansu a shafi dabam.

Ku malaman ofis, nan ne naku aikin, gama ku kuka iya riƙon rajista. A yi ko wane samfuri biyu, ɗaya ya zauna a makarantar gari, ɗaya a aika Zariya ko Jami'ar Bayero ko ta Dutse, masana su tabbatar da sunan Latin su komo mana da amsa. Ina roƙon jami'o'in nan su karɓa da hannu biyu, don su ma ribarsu ce. In an tara na gundumomi, sai ma'aikatar gona da ta muhalli su buga ɗan littafi mai hoto, da boko da ajami, wanda kuɗinsa ba zai fi na mudun gero ba, a kuma sa shi a waya. Masu renon dashe kuma su duba shafin nan na ɓatattu kafin su cika leda.

Ni dai na fara. Ina da samfuri 41 a ƙarƙashin gadona, na fari a cikinsu shi ne kanyar da yaron nan ya sare. Shi ne kuma yanzu mai riƙe mini jaka in za mu fita. Kututturen ya sake toho da ruwan fari, ubansa ya kewaye shi da ƙaya. Duk wanda ke da sunan wani ice da ya daina gani a ƙasarsu, ya rubuto wa wannan fili, ya faɗi garin da kuma shekarar da ya yi masa ganin ƙarshe.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.